Ɗan Aike Da Takardarsa: Wa Ya Cancanci Auna Bayanin Kayan Aikin Na'ura?

Tun da aka fara ba da digiri a kan Hausa a jami'o'in ƙasar nan, akwai tambaya ɗaya wadda ɗalibin wannan sashe bai taɓa kuɓuta daga gare ta ba, watau, "In ka gama me za ka yi da ita?" Amsoshin da muka saba bayarwa sanannu ne: koyarwa, ko aikin rediyo da jarida, ko tafinta a kotu da majalisa. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga wani aiki wanda a nawa ra'ayi namu ne, amma mun bar shi a hannun masana kwamfuta su kaɗai, su kuwa da Turanci suke yinsa, da Turanci kuma suke auna shi. Aikin shi ne tantance ingancin bayanin da ake rubuta wa kayan aikin da 'yan aiken na'ura suke amfani da su.

Ya kamata in fara da fayyace waɗannan kalmomi, don kada mai karatu ya ɗauka tatsuniya nake yi masa. Ƙirƙirarriyar basirar da yawancinmu muka fara sani, irin ChatGPT wadda ta fito a watan Nuwamba 2022, baki kawai gare ta. Ka tambaye ta, ta ba ka amsa, shi ke nan. A watan Yuni 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe wata hanya da za ta riƙa kiran wasu manhajoji su yi mata aiki, sa'an nan a watan Nuwamba 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'ida da ake kira MCP, wadda ta tsara yadda kowace manhaja za ta gabatar da kanta ga irin wannan na'ura, kuma cikin 2025 OpenAI da Google da Microsoft duk suka karɓe ta. Da wannan sai mai baki ya sami hannu da ƙafa. Yanzu ana iya ce masa ya duba farashi, ya tura kuɗi, ya sayi tikitin jirgi, ya rubuta wa wane wasiƙa ya aika. Wannan shi na kira ɗan aiken na'ura, manhajojin da yake kira kuwa su ne kayan aikinsa.

Abin da ya shafe mu shi ne yadda yake sanin amfanin kowane kayan aiki. Ba ya ganin cikinsa. Abu uku kawai ake miƙa masa: sunan kayan aikin, da 'yan jimloli na maganar mutane waɗanda suka bayyana abin da yake yi, da jerin guraben da za a cike tare da irin abin da kowane gurbi yake karɓa, ko lamba ko rubutu ko kwanan wata. Da waɗannan zai yanke shawarar wanda zai ɗauka daga cikin kaya ashirin ko hamsin, da abin da zai zuba a kowane gurbi. Ashe ke nan duk ƙarfin injin da tsadarsa sun rataya ne a wuyan wasu 'yan jimloli da wani mutum ya rubuta, wataƙila cikin gaggawa, da dare, bayan ya gaji da haɗa manhajar. Jimla kuwa, ko ta wane harshe ce, haja ce ta rumfarmu.

In aka aiki yaron gida a Sheme ya sayo tiya biyu ta masara, ba a yi masa dogon bayani, domin ya san tiyar, ya san layin 'yan hatsi, ya san wanda yake cika awo da wanda yake danne gindin kwano. Ɗan aiken na'ura kuwa baƙo ne. Malami ne wanda ya karanta littattafan duniya, amma bai taɓa taka ƙasar Faskari ba. Yana iya komowa ya tambayi wanda ya aike shi, in ya lura akwai abin tambaya, amma ba shi da hanyar komawa wurin maƙerin kayan aikin ya ce masa, "Me kake nufi da wannan gurbi?" Duk abin da takardar ba ta faɗa ba sai ya cike shi da zato, kuma zatonsa na Ba'amurke ne, tun da yake da maganar can aka fi renonsa.

Bari mu ɗauki maganar kuɗi, tun da a nan ne ciwon ya fi zafi. Daga cikin kamfanonin da suke tafiyar da biyan kuɗi ta intanet a Nijeriya akwai Paystack da Flutterwave. Na farkon yana karɓar adadi ne a kwabo, na biyun kuwa a naira, kuma kowannensu ya bayyana haka a takardunsa. Haɗarin yana wurin mutum na uku, wanda zai ɗauki ɗaya daga cikinsu ya naɗe shi ya mai da shi kayan aikin ɗan aike, sa'an nan ya rubuta a gurbin kuɗi, "adadin da za a biya," ya wuce. A ce wani falke ya sayi sa a karar Sheme a kan naira 800,000, ya ce wa ɗan aiken da ke wayarsa ya biya. In gurbin na kwabo ne, aka kuwa zuba 800000, naira 8,000 kawai za ta isa ga mai sa, a tashi rigima a gaban Sarkin Kara. In gurbin na naira ne, ɗan aike kuwa ya yi zaton na kwabo ne ya ƙara sifili biyu, ya nemi tura naira miliyan 80 ke nan, sai dai rashin kuɗin a asusu ko iyakar da banki ya sa ta cece shi. Kalmomi uku ko huɗu ne suka ɓace daga takardar, suka jawo kuskure ninki ɗari.

Wannan fa a ce falken ya faɗi adadin a cike ke nan, alhali duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya san ba haka ake magana ba. "Ɗari takwas" za ka ji an ce, kowa kuma ya gane dubu ɗari takwas ake nufi, domin san yana tsaye a gabansu. Dattawa har yanzu suna lissafi da fam da jaka, ko da yake naira ta maye gurbin fam tun ranar 1 ga Janairu 1973: fam ɗaya naira biyu, jaka ɗaya, wadda a da fam ɗari ce, naira 200. Baƙon da ya gangaro daga Maraɗi kuwa, in ya ce jikka, tamma 1,000 ta sefa yake nufi, kuma da dala yake ƙirga, kowace dala tamma biyar. Kalma ɗaya, kasuwa ɗaya, ma'ana biyu.

Na san wani zai ce wannan ai matsalar jin Hausa ce, laifin na'urar ne, babu ruwan takardar kayan aiki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a duba wanne ne yake hannunmu. Sake renon babbar na'ura aiki ne na miliyoyin dalar Amurka, wanda ba a yinsa a Katsina ko Zariya. Gyara takarda kuwa aikin wuni ɗaya ne. Ba abin da zai hana a rubuta a gurbin cewa adadi a naira ne, a cike, ba waƙafi, kuma in mai aiken ya yi magana da fam ko jaka, ko ya faɗi lambar da ta yi ƙanƙanta ga irin hajar, to, a maimaita masa adadin a cike ya amince kafin a tura. Takardar ita ce ƙofa mafi arha da sanin ɗan gari zai bi ya shiga kan baƙo, Hausawa kuwa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

A nan ne nake ganin horon da muka samu a wannan sashe ya ba mu ma'auni wanda masana kwamfuta suke laluben irinsa. Bayanin kayan aiki, in an tsaya an dube shi, ɗan'uwan bayanin kalma ne a ƙamus, kuma mu mun yi shekara da shekaru muna jayayya a kan abin da ya sa bayanin kalma ya yi kyau. Mun san cewa ba a fassara kalma da kanta. Mai ƙamus da ya rubuta cewa dillali shi ne mai yin dillanci bai faɗa wa kowa kome ba, kuma haka wanda ya sa wa kayan aiki suna "tura kuɗi" ya rubuta a ƙarƙashinsa "yana tura kuɗi." Irin wannan bayani ya yi yawa ainun a kayan aikin da ake bazawa kyauta, domin mai haɗa su ya san abin da yake nufi, sai ya ɗauka kowa ya sani.

Mun kuma san darajar misali. Ƙamus ɗin R. C. Abraham, wanda ya fara fitowa a 1949 aka sake buga shi a 1962, abin da ya sa har yau ba a iya ajiye shi shi ne yawan jimlolin misali da ya zuba a ƙarƙashin kowace kalma, ta yadda ko bayanin ya gaza, misalin zai nuna maka inda kalmar take zama. Gurbin kwanan wata da ba a sa masa misali ba tarko ne, domin 3/4 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a Amurka kuwa huɗu ga Maris. G. P. Bargery kuma, a ƙamus ɗinsa na 1934, ya kula da nuna inda ake faɗin kalma, ya sa alamar cewa wannan ta Katsina ce, waccan ta Sakkwato, watau ya gane cewa ma'ana tana da iyakar ƙasa. Kayan aikin da yake ba da farashin "buhu" ko "mudu" bai faɗi na wace kasuwa ba, bai kuma faɗi nauyinsa ba, ya rasa wannan ladabi na Bargery, domin tiyar Dandume daban take da mudun Abuja, kuma manomin Sabuwa da zai yanke shawarar sayar da masararsa ko ya ɓoye ta sai bazara bisa wannan lamba, shi zai kwana a ciki. Sai kuma abin da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya sha fama da shi, da yake Hausa zuwa Hausa ne, watau rarrabe kalmomi masu kusancin ma'ana, kamar aro da rance da bashi. Kayan aiki biyu masu kama da juna, ɗaya mai duba ragowar kuɗi ɗaya mai duba tarihin shige da fice, ko ɗaya mai shirya biya ɗaya mai zartar da shi, tilas takardar kowannensu ta faɗi lokacin da ba shi za a ɗauka ba. Wannan jimla ta hani ita ce aka fi mantawa da ita, alhali ita ta fi tsare dukiya.

Akwai wasu tarkuna kuma waɗanda sai ɗan ƙasa zai gan su. Lambar waya a Nijeriya lambobi 11 ce, lambar BVN 11 ce, lambar zama ɗan ƙasa ta NIN ita ma 11, lambar asusun banki kuwa 10. Gurbin da aka ce masa "lambar mai amfani" kawai zai haɗiye kowace daga cikin ukun farko bai yi tari ba. Sunayen garuruwanmu ma haka. Sabuwa ƙaramar hukuma ce, kuma siffa ce ta mace, don haka "kasuwar Sabuwa" da "sabuwar kasuwa" harafi kaɗan ne tsakaninsu, balle a bakin mai sauri ta cikin waya mai ƙara. Ƙanƙara gari ne, kuma abin da yake saukowa daga sama ne ya kashe amfanin gona, ga shi a takardun gwamnati ana rubuta garin Kankara ba ƙugiya. Haruffan nan masu ƙugiya sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, amma har yau rumbunan bayanai da yawa ba su san da su ba, ta yadda in ɗan aike ya rubuta sunan daidai yadda muka koya, sai kayan aikin ya ce babu gari mai wannan suna. Jimla ɗaya a takarda, cewa a rubuta sunan wuri ba ƙugiya, a haɗa da jiha da ƙaramar hukuma, ta isa ta kashe wannan wuta, ta kuma raba Tudun Wadar Kano da ta Kaduna da ta Zariya da ta Gusau. Ban ma taɓo lokaci ba, inda daren Juma'a yake nufin daren da Alhamis ta wuni, ga jibi da gata da citta, ga "rana ita yau."

Sa'an nan akwai abin da kayan aiki yake faɗa in aiki ya ƙi, wanda mutane da yawa ba su lissafa shi cikin bayani, ni kuwa ina ganin rabin bayanin ke nan. Mutanen yankinmu sun san darajar layin waya fiye da kowa, tun da a watan Satumba 2021 an rufe sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, saboda matsalar tsaro, aka yi watanni sai an yi tafiya kafin a buga waya. Ko da aka maido da ita, yankewar layi a tsakiyar aiki ba baƙon abu ba ne a ƙauyukanmu. To, a ce ɗan aike ya tura kuɗi, layi ya yanke kafin amsa ta dawo, kayan aikin kuma ya ce masa "an sami matsala" kawai. Kuɗin sun tafi ko ba su tafi ba? Ɗan aike mai himma zai sake turawa, in kuwa na farkon ya riga ya shiga, an biya sa ɗaya sau biyu. Takarda mai kyau za ta faɗa tun farko ko maimaita kira yana maimaita biya, ta kuma nuna kayan aikin da za a duba da shi kafin a sake. Gyaran da aka yi wa ƙa'idar MCP a watan Maris 2025 ya tanadi alamomi don wannan, waɗanda suke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi, ko yana iya ɓata abu, ko maimaita shi ba ya ƙara kome. Sai dai ƙa'idar da kanta ta yi gargaɗi cewa waɗannan alamomi da'awa ce ta mai kayan, kada a dogara da su in ba a yarda da shi ba.

Wannan ya kawo mu ga ma'aunin da ya fi nahawu da balaga nauyi, watau ko takardar gaskiya take faɗa. A watan Satumba 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mirrihi, mai suna Mars Climate Orbiter, domin takardar yarjejeniya ta ce a ba da ƙarfin turi da ma'aunin mita, wata manhaja kuwa tana ba da shi da ma'aunin Ingilishi, bambancin ya kai kusan ninki huɗu da rabi. Takardar ba ta da aibu ko ɗaya a wajen tsari, aikin ne ya saɓa mata, kuma ba wanda ya gwada su tare yadda ya kamata. Wannan saɓani na ganganci ne ko na sakaci, akwai kuma na mugunta. A watan Afrilu 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs suka nuna cewa ana iya ɓoye umurni a cikin bayanin kayan aiki, inda mai wayar ba ya gani amma ɗan aiken yana karantawa, a ce masa ya ɗebo asirin maigidansa ya miƙa wa wani. Duk wanda ya san kara ya san irin dillalin da yake raɗa wa mai saye wata magana, ya raɗa wa mai sayarwa wata, ya ci la'ada ya kuma ci tsakani. Maganinsa a kasuwa shi ne a yi ciniki a gaban shaidu. Bayanin da mai aike ba zai iya karantawa ya gane ba, ko da an yi masa ado, bai cancanci maki ba.

Yanzu yaya ake auna waɗannan takardu? Hanyar da ta fi sauƙi, ita ce kuma ake yawan bi, a jera tambayoyi: an faɗi manufa? an bayyana kowane gurbi? akwai misali? Sai a ba da maki, sau da yawa ma wata na'urar ake ba ta duba. Ban ce wannan ba shi da amfani ba, yana kama takardar da ta zo tsirara. Amma yana saka wa mai yawan surutu, kamar yadda wasunmu suke cika takardar jarrabawa da shafi goma suna fatan malam zai auna ta a sikeli. Tsawo kuwa a nan yana da illa ta musamman, domin duk takardun kayan aikin ana ɗora su ne a kan ɗan aike lokaci ɗaya, kuma abin da yake iya riƙewa yana da iyaka, in an cika shi da bayanin kaya hamsin masu shafi bibbiyu sai jimlar da ta fi muhimmanci ta nutse. Bugu da ƙari, na'urar da za ta duba takardar ita ma baƙuwa ce, ba za ta ga rashin maganar jaka ba tun da ba ta san akwai jaka ba.

Akwai gwaje-gwaje masu zurfi fiye da haka. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 2024 take fitar da jadawalin gasar na'urori wajen kiran kayan aiki, har da duba ko na'ura za ta kame hannunta in babu kayan da ya dace da aiken. Wani gwaji mai suna tau-bench, na 2024 shi ma, ya nuna abin da ya fi ba ni tsoro: na'urar GPT-4o, wadda tana cikin na gaba a lokacin, ba ta kai rabin ayyukan da aka ba ta ba, kuma da aka ce sai ta ci aiki ɗaya sau takwas a jere, a fannin ciniki nasararta ta faɗi ƙasa da kashi 25 cikin ɗari. Na'urori sun ci gaba tun daga lokacin, amma darasin yana nan, cewa gwaji sau ɗaya ba shaida ba ne. Sai dai waɗannan gwaje-gwaje ɗan aiken suke aunawa, takardar tana zaune. Abin da nake kira a yi shi ne a juya: a riƙe ɗan aike ɗaya, a riƙa sauya takardar, a ba shi aike iri ɗaya, a ga da wace takarda ya fi dawowa da abin da aka aike shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Injiniyoyin Anthropic da kansu sun faɗa a watan Disamba 2024 cewa a wani aiki sun ɓata lokaci wajen gyaran kayan aiki fiye da gyaran umurnin da suka ba na'urar, kuma wani kuskure da ya yi ta maimaituwa bai daina ba sai da suka sake gurbin ya zama ba ya karɓar adireshin fayil sai cikakke. Watau wani lokaci gwaji zai nuna cewa gurbin ne yake son gyara, kuma mai auna takarda ya kamata ya sami bakin faɗin haka.

Abin da babu shi, wanda kuma ba mai kawo mana shi daga waje, shi ne aiken da za a yi gwajin da shi. Fassara tambayoyin Turanci zuwa Hausa ba zai wadatar ba, domin za a sami Hausar ofis wadda take faɗin adadi a cike da kwanan wata a tsare, tarkunan duka sun zube a hanya. Ana bukatar aike na gaske, yadda yake fitowa daga bakin falke da 'yar ƙuli-ƙuli da direban da yake lodi zuwa Funtuwa, da gajartawarsa da karin harshensa, kowanne an rubuta a gefensa abin da ɗan gari zai fahimta da abin da ya kamata a yi. Sa'an nan wajen ba da maki kada a daidaita kurakurai. Ɗan aiken da ya dawo ya yi tambaya inda ba a bukata ya ɓata minti ɗaya ne, wanda ya tura kuɗi ga wanda ba shi ba ya ɓata noman shekara, bai kamata a rubuta musu jan biro iri ɗaya ba.

Ko a rubuta takardun da Hausa? Zuciyata tana so in ce i, amma ba zan yanke hukunci da kishi ba. Yawancin manyan na'urori sun fi ƙwarewa a Turanci nesa ba kusa ba, kuma mai yiwuwa takardar Turanci wadda ta ƙunshi sanin kasuwar Hausa ta fi takardar Hausa zalla aiki a yau. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da wata na'urar harshe mai suna N-ATLaS a watan Satumba 2025, wadda aka rena da Hausa da Yarbanci da Ibo, kuma irinta za ta iya sauya lissafin. Gwajin da na bayyana shi zai raba gardama, a rubuta takardar iri biyu a ga wadda ta ci. Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne harshen aiken.

Wani ɗan'uwa zai iya cewa yankin da yake fama da 'yan bindiga yana da abin da ya fi wannan damunsa. Haka ne, amma matsalar tsaron tana cikin abin da ya sa maganar ta matso kusa. Ɗaukar tsabar kuɗin shanu a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ko ta Sheme zuwa Ƙanƙara, kasada ce da kowa yake gudu, kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura har waɗanda ba su taɓa shiga banki ba zuwa ga tiransifa. Da yawansu ba su karanta boko, don haka yaron da yake riƙe da na'urar POS a bakin kasuwa shi ne ɗan aikensu a yau, shi yake jin "jaka hamsin" ya danna 10,000, ya kuma karanta musu sunan mai asusu kafin ya tura. Ranar da aka ce su yi wa waya magana kai tsaye ta yi musu wannan aiki, su ne za su fi kowa dogara da ita, su ne kuma ba za su iya duba abin da ta rubuta ba.

Shawarata ga sashe ita ce a karɓi wannan a matsayin batun kundin kammala digiri, a haɗa ɗalibin Hausa ɗaya da ɗalibin kimiyyar kwamfuta ɗaya. Namu ya je kasuwar garinsu lokacin hutu, da izinin shugabannin kasuwa da na masu maganar, ya tattaro aike ɗari ko ɗari biyu, ya cire sunaye da lambobin mutane, ya fayyace ma'anar kowanne. Nasu ya haɗa kayan aikin gwaji waɗanda ba su taɓa kuɗin gaske, ya gudanar da kowane aike sau da yawa. Rubuta takardun da gyara su kuwa su yi shi tare. In ni aka ba wannan aiki, aiken farko da zan sa a jerin shi ne na falken da ya ce wa wayarsa, "Na taya ɗari bakwai, ya ce albarka, ka shirya kuɗin." Na'urar da ta san albarka a ƙamus kawai za ta ɗauka an yi addu'a an rufe ciniki, ta tura naira 700 ko 700,000, alhali mai sa ya ƙi tayin ne, bai sallama ba, kuma shirya kuɗi daban yake da tura su.